Alhaji Umaru Salga: Malamin da ya bi ayari da allonsa

'Yan'uwa, wannan makon za mu tuna da wani bawan Allah da ya yi rayuwa irin tamu, ta fatauci da zaman baƙunta, amma duk inda ya sauke kaya sai ya kafa makaranta. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Umaru Salga ko Imam Umaru na Karachi.

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Iyayensa Kabawa ne, mahaifinsa kuwa farke ne mai bin hanyar Gwanja, inda ake kai kanwa da tufafi a sayo goro. A Kano ya yi karatun allo har ya sauke Alƙur'ani, sannan ya shiga neman ilimi a ƙasar Sakkwato da Gwandu da Kabi. Tsarin karatun wancan zamani kowa ya san shi: yaro ya fara da babbaƙu da farfaru, ya sauke, sannan ya zauna gaban malami a zaure yana ɗaukar littafi ɗaya bayan ɗaya, na fiƙihu da nahawu da lugga da tafsiri. In ya ƙure malamin garinsu, sai ya ɗauki buzunsa ya nufi wani gari.

Umaru bai raba karatu da kasuwa ba. Yana bin ayari, yana ganin buƙatar fatake da idonsa. Wajen 1877, yana saurayi, ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa, wanda daga baya aka buga a Misira. Abu ne da ɗan kasuwa ke buƙata kullum: yadda zai rubuta wa sarki, ko malami, ko abokin ciniki da ke nesa.

Daga bisani ya zauna a Salga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, a ƙasar Gana ta yau. A 1892 yaƙin basasa ya ci garin, kasuwa ta watse, Hausawa suka bazu. Malam Umaru ya koma Kete Karachi a bakin kogin Volta, wadda a lokacin take hannun Jamusawa. A nan ya zama limami, a nan kuma makarantarsa ta yi suna. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga zangonni na kusa da na nesa, in sun gama su koma su buɗe tasu. Ta haka karatunsa ya ratsa zangonnin Gana da Togo.

Alƙalaminsa bai huta ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa cikin ajami: kan zuwan Nasara, kan talauci da wadata, har kan annobar mura ta 1918. Wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya zauna gabansa yana koyon Hausa, shi kuma ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta. Rubutun nan har yau masana tarihi na amfani da shi. Ya tafi aikin Hajji a 1913, bai dawo ba sai bayan shekaru. Ya rasu a Kete Karachi a 1934.

To, ina ruwanmu da wannan labari a nan Kajuru? Ruwanmu babba ne. Yawancinmu kasuwa ce ta kawo kakanninmu wannan yanki, wasu kuma jirgin ƙasa ne ya sauke su a Kafanchan. Wanda ke zaune nesa da tushensa, makaranta ce ke riƙe masa 'ya'ya. A can yaro ke koyon alwala da salla, da halal da haram a ciniki, da haƙƙin maƙwabci ko da ba addininku ɗaya ba. Wannan na ƙarshe kuwa, mu mutanen kudancin Kaduna mun san tsadarsa.

Dukiyar fataken Salga ta tafi da yaƙin rana ɗaya. Abin da Malam Umaru ya zuba a ƙirjin ɗalibai shi ne ya saura. Don haka, iyaye, ranar cin Kasuwan Magani kada a cire yaro daga Islamiyya don ya tsare shago. 'Ya'ya mata ma a ba su nasu rabon. Kuɗin Laraba da na wata a biya a kan lokaci, malamin nan shi ma yana da iyali. Mai hali kuma ya ɗauki nauyin maraya ɗaya.

Allah Ya jiƙan Malam Umaru, Ya kai haske kabarinsa, Ya shiryar mana da zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Juma'a mai albarka.