Musa Bin Maimun, Malamin Yahudawa Kuma Likitan Fadar Masar

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Titin Bauchi a Jos ya san masu tallar magani, waɗanda ƙullinsu ɗaya ke maganin basir da shawara da ciwon baya. 'Yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan ma ba su rasa irinsu ba. To, fiye da shekara 800 ke nan da wani malami ya kafa ma'aunin rarrabe magani da yaudara.

Sunansa Musa bin Maimun, Bayahude ne, an haife shi a Kurɗuba ta ƙasar Andalus wajen 1138. Bayan Muwahhidai sun ci garin a 1148, iyayensa suka yi hijira da shi, suka zauna Fas, daga bisani suka yada zango a Fusɗaɗ ta Masar. Ƙanensa Dawuda, wanda ke fatauci yana ciyar da gidan, ya nutse a tekun Indiya. Daga nan Musa ya riƙi aikin likita, har ya zama likitan Alƙali Fadil, wazirin Sarki Salahuddin.

Wajen 1180 ya kammala babban littafinsa na shari'ar Yahudawa mai kashi 14, inda ya tsara hukuncin abinci. A wurinsu dabba ba ta halatta sai mai tuƙa kuma mai rababben kofato, saboda haka alade da raƙumi duk haram ne. Kifi sai mai ɓawo, wato ban da tarwaɗa. Ba a cin jini, ba a haɗa nama da madara.

Amma duk da wannan tsanani, ya yi fatawa cewa idan rai na cikin haɗari, halal ne a yi magani da abin da aka haramta, in ban da bautar gumaka da zina da kisan kai. Game da magani kuwa, ma'auninsa jarrabawa: abin da aka gwada aka tabbatar yana warkarwa ya karɓe shi, ko da ba a san dalilinsa ba. Duba da taurari ya ɗauke shi shirme. Tofi ga wanda maciji ya sara ya yarda a yi don hankalinsa ya kwanta, amma ya bayyana ƙarara cewa ba shi ke kashe dafi ba.

Ya rasu a 1204, aka binne shi a Ɗabariyya. Mai shirin kwance lalitarsa gaban mai lasifika a tasha, ya kamata ya fara yin tambayar da malamin nan ya bari: wa ya gwada maganin, su wa kuma suka warke?