Tarihin Elizabeth Blackwell, Malamar Makarantar da ta Zama Likita

A wannan fitowa ta mujallarmu ta bango na kawo muku tarihin wata mata mai suna Elizabeth Blackwell. Ita ce mace ta farko da ta samu digirin likita a ƙasar Amurka. Ƙanwar mamana ce ta sa na zaɓe ta. Anti tana koyarwa a firamare, shekarunta 27, yaranta biyu, kuma bana ta yanki fom ɗin JAMB tana son ta karanta likitanci. Ranar da ta faɗa a gida wasu suka yi ta dariya, wai lokacinta ya wuce, ta bar wa yara. Abin ya tsaya mini a rai, har na ci karo da labarin wannan mata a wani littafi a laburare.

An haifi Elizabeth ranar 3 ga Fabrairu, 1821, a garin Bristol na ƙasar Ingila. Su tara ne a gidansu, ita ce ta uku. Mahaifinta Samuel Blackwell yana da masana'antar sukari, kuma bai bambanta 'ya'yansa mata da maza ba wajen karatu. A shekarar 1832, tana da shekara 11, suka yi ƙaura zuwa birnin New York a Amurka. A 1838 suka sake komawa wani gari mai suna Cincinnati. Ba su daɗe da sauka ba mahaifin ya rasu, bai bar musu dukiya ba. Elizabeth tana da shekara 17 a lokacin. Sai ita da yayyenta mata biyu suka buɗe makaranta suna koyar da yara, da kuɗin ake cin abinci a gidan. Daga baya ta je koyarwa a jihar Kentucky, amma ba ta jima ba ta dawo, don ta kasa jure ganin yadda ake wulaƙanta bayi a can.

Wani abin mamaki, tun tana ƙarama ba ta taɓa sha'awar aikin likita ba. Tarihi da adabi ta fi so, zancen jikin mutum da cututtuka kuwa ƙyamarsa take yi. Wata ƙawarsu ce ta sauya mata tunani. Matar tana kwance tana fama da ciwon da ya zama ajalinta, sai ta gaya wa Elizabeth cewa da likita mace ce ta duba ta, da wahalar da ta sha ba ta kai haka ba. Ta kuma ba ta shawarar ta karanta likitanci, tunda tana da ƙwaƙwalwa. Duk wadda ta taɓa raka mamanta asibiti ta san wannan magana gaskiya ce, domin mata da yawa sun fi sakin jiki su faɗi damuwarsu idan mace ce a gabansu. Da farko Elizabeth ta ƙi, amma maganar ta ƙi fita daga zuciyarta, har ta yanke shawarar gwadawa.

Matsala ta farko ita ce kuɗi. Ba ta da mai biya mata, don haka ba ta ajiye alli nan take ba. A 1845 ta tafi garin Asheville a jihar North Carolina tana koyar da kiɗa, tana tara albashinta. A gidan wani fasto mai suna John Dickson ta zauna. Shi kuma ya taɓa aikin likita, sai ya bar ta tana karanta littattafansa. Daga nan ta koma garin Charleston wajen ɗan'uwansa, Dakta Samuel Dickson, ta ci gaba da koyarwa tana karatun likitanci idan ta tashi daga aiki. Kusan shekara biyu ta yi a haka, ba tare da wata makaranta ta yi mata alƙawarin komai ba.

A 1847 ta nufi birnin Philadelphia, inda manyan makarantun likitanci suke, ta fara neman gurbi. Duk inda ta je sai a ƙi ta, na New York ma haka. Wasu likitoci suka ce mace ba za ta iya ba. Wasu suka ba ta shawarar ta tafi Paris, wasu ma suka ce ta sa kayan maza ta ɓad da kama ta shiga aji. Ba ta yarda da wannan dabara ba, don tana so a ba ta digirin da sunanta, kowa ya san mace ce, saboda wasu matan su samu hanya. Da manyan makarantu suka ƙare, sai ta rubuta wa ƙanana guda 12 da ke ƙananan garuruwa.

Ɗaya daga cikinsu ita ce kwalejin likitanci ta Geneva. Wannan Geneva wani ƙaramin gari ne a jihar New York, ba ta ƙasar Suwizalan ba. Malaman kwalejin ba sa son ɗaukar ta, kuma ba sa son a ce su ne suka ƙi. Sai suka miƙa maganar ga ɗalibai, maza wajen 150, da sharaɗin ko mutum ɗaya ya ƙi, magana ta mutu. Ɗaliban suka ɗauki abin wasa, suka amince gaba ɗayansu suna shewa. Haka takardar ɗauka ta iso mata a watan Oktoba na 1847, tana da shekara 26. Ta shiga aji a Nuwamba, bayan an riga an fara zango.

Zaman bai zo mata da sauƙi ba. Mutanen garin suna tsayawa kallonta a hanya, matan garin suna gudunta, wasu suna zaton ba ta da hankali. Da aka zo darasin sassan jikin da suka shafi haihuwa, malamin ya nemi kada ta shiga. Ta rubuta masa takarda cikin ladabi ta bayyana cewa ɗaliba ce kamar kowa, aka bar ta ta shiga. Sannu a hankali ɗaliban da suka zaɓe ta don raha suka koma girmama ta. Lokacin hutu ta yi aiki a asibitin marasa galihu na Blockley a Philadelphia, inda ta kula da baƙi 'yan ƙasar Ayalan masu fama da zazzaɓin taifus, wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa. A kan wannan cuta ta rubuta kundinta na kammalawa. A zamanin karatun likita zango biyu ne kawai, ba kamar yanzu da ake shekara 6 a jami'o'inmu ba. Ranar 23 ga Janairu, 1849, aka ba ta digiri, tana sahun gaba a ajinsu.

Daga nan ta tafi Paris don ƙarin ƙwarewa. Asibitocin can ba su karɓe ta a matsayin likita ba, sai wani asibitin haihuwa ya ɗauke ta tare da masu koyon ungozoma. A watan Nuwamba na 1849 tana wanke wa wani jariri ido mai ciwo, sai ruwan ya fantsamar mata a idon hagu. Idon ya mutu, aka sa mata na gilashi. Burinta na zama likitar tiyata ya ƙare a nan, amma ba ta bar aikin ba. Ta ƙara koyo a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sannan ta koma New York a 1851.

A New York ma asibitoci suka ƙi ba ta aiki. Sai ta buɗe ƙaramin ɗakin shan magani na talakawa a 1853. A 1857 ita da ƙanwarta Emily, wadda ita ma ta zama likita, da wata likita mai suna Marie Zakrzewska, suka buɗe asibitin mata da yara marasa ƙarfi. A 1859 ta zama mace ta farko da aka rubuta sunanta a rajistar likitocin Birtaniya. A 1868 ta buɗe kwalejin koyar da mata likitanci a jikin asibitinta, don kada wata ta sha yawon da ta sha. Shekara ɗaya bayan haka ta koma Ingila da zama, ta taimaka aka kafa makarantar likitanci ta mata a Landan a 1874. Ta rasu ranar 31 ga Mayu, 1910, a garin Hastings, tana da shekara 89.

Abin da ya fi burge ni a tarihinta shi ne shekaru biyun nan da ta yi tana koyarwa tana karatu, alhali ba ta san ko za a ɗauke ta ba. Da wasa aka buɗe mata ƙofa, amma da ba ta shirya ba, da wasan ya tabbata a kanta. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, to ashe aure da aiki da yawan shekaru ma ba sa hanawa.

Na karanta wa Anti wannan tarihi tana gyaran littattafan 'yan ajinta. Yanzu kullum bayan sallar isha'i sai ta kwantar da yara ta ɗauko Bayoloji da Kemistiri da Fiziks da Turanci, ni kuma ina riƙe mata takardar tsofaffin tambayoyi ina duba amsa. Ina roƙonku ku sa ta a addu'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.