John Milton, Makahon da Ya Sayar da Waƙarsa Fam Biyar

Ran 27 ga watan Afrilu 1667 aka ƙulla wani ciniki a birnin Landan wanda har gobe ana maganarsa. Mai sayarwa wani dattijo ne makaho, sunansa John Milton. Mai saye kuwa wani mai ɗab'i ne ana ce masa Samuel Simmons. Hajar da aka yi ciniki a kanta waƙa ce mai layi fiye da 10,000, wadda a yau malaman Turanci suke sa ta a sahun farko. Kuɗin da aka ƙirga wa makahon nan a hannu fam 5 ne cif. To, jama'a, bari mu koma baya mu ga yadda aka yi mutum mai ilmi kamar wannan ya zo ga irin wannan ciniki.

An haifi Milton ran 9 ga Disamba 1608 a wani layi na tsakiyar Landan da ake kira Layin Burodi. Ubansa mai rubuta wa mutane takardun yarjejeniya ne, yana kuma ba da rance, ya tara abin hannunsa daidai gwargwado. Maimakon ya ja yaron kanti, sai ya zuba dukiyar nan a karatunsa. Ya ɗaukar masa malamai a gida, ya sa shi makarantar St Paul's, daga nan ya wuce jami'ar Kambirij a 1625, ya fito a 1632. Da ya gama bai nemi aiki ba, sai ya koma gidan uban ya yi wajen shekara shida yana ta karatu shi kaɗai. Ya ƙware a Latin da Girkanci da Ibrananci da Italiyanci da Faransanci. Tun yana yaro yake kai tsakar dare a gaban kyandir, shi da kansa ya ɗauka nan ne ciwon idonsa ya samo asali. A 1638 ya tafi Italiya, har ya ziyarci masanin taurarin nan Galileo, wanda a lokacin ya tsufa, ya makance, hukuma kuma ta tsare shi a gida.

Yana dawowa a 1639 ya tarar ƙasa ta ɗauki zafi tsakanin Sarki Charles na ɗaya da Majalisa, a 1642 yaƙi ya ɓarke. Milton ya bi Majalisa, ya ajiye dogon burinsa na waƙa ya shiga rubutun jayayya. A shekarar nan ce ya auri Mary Powell, yarinya mai shekara 17 daga gidan 'yan bayan sarki. Ba a jima ba ta tafi ganin gida ta ƙi dawowa sai 1645. Cikin wannan hali ya rubuta littattafai yana cewa ya kamata a halatta saki in zama ya ƙi daɗi, abin da dokar Ingila ta wancan zamani ta toshe. Malaman coci suka yi masa ca. A 1644 kuma ya fitar da Areopagitica, inda ya ƙalubalanci dokar da ta hana a buga littafi sai da izinin hukuma.

A Janairun 1649 aka sare kan sarki a bainar jama'a. Kafin a yi wata guda Milton ya fitar da littafi yana kare waɗanda suka yi hakan. Sabuwar gwamnati ta naɗa shi sakataren harsunan waje, shi ke rubuta wasiƙunta zuwa ƙasashen Turai da Latin, albashinsa fam 288 a shekara. Ku riƙe wannan adadi. Da wani babban masani mai suna Salmasius ya rubuta littafi yana la'antar masu kashe sarki, Milton aka ba aikin mayar da martani. Likitoci sun gargaɗe shi cewa in ya ci gaba zai rasa ɗan ganin da ya rage masa, ya ji, ya ci gaba. Littafin ya fito a 1651, zuwa 1652 idon ya rufe ƙirin, yana da shekara 43. A shekarar dai matarsa ta rasu bayan haihuwa, ɗansa namiji tilo ya bi ta. Ya sake aure a 1656, ita ma ta rasu a 1658. Maƙiyansa suka riƙa yayata cewa makantar sakayya ce ta jinin sarki.

Duniya rawar 'yammata. Shugaban gwamnatin, Oliver Cromwell, ya mutu a 1658, a 1660 aka dawo da ɗan sarkin da aka kashe aka naɗa shi. Milton ya ɓuya, aka ƙone wasu littattafansa a fili, daga baya aka kama shi aka tsare. Abokai irin su mawaƙi Andrew Marvell suka sa baki, aka sake shi a watan Disamba. Ajiyarsa ta kimanin fam 2,000 da ya ba tsohuwar gwamnati ta bi ruwa. A 1665 annoba ta kore shi zuwa ƙauyen Chalfont St Giles, a 1666 babbar gobarar Landan ta lashe gidan gadonsa na Layin Burodi.

Cikin wannan ƙunci ne ya tsara Paradise Lost, wato Aljannar da Aka Rasa. Labarin bijirewar Iblis ne da fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna, yadda Kiristoci suke karanta shi a littafinsu, da ƙarin abubuwa masu yawa daga tunanin mawaƙin. Da dare ko da asuba yake shirya baitocin a ka, gari ya waye ya jira wanda zai rubuta, ya zubo layi goma, ashirin ko talatin a zama guda. Ɗan 'yar'uwarsa Edward Phillips kan zo ya gyara rubutun. Mu da muka san Aliyu Namangi na Zariya da Imfirajinsa, wannan ba zai ba mu mamaki ba. Abin da ya ɗaure wa mutanen zamaninsa kai shi ne waƙar ba ta da ƙafiya ko ɗaya, awo kawai take bi, gaɓa goma a layi. Sai da mai ɗab'in ya nemi ya rubuta ɗan bayanin dalili aka ƙara a littafin a 1668.

Yanzu ga lissafin. Sharaɗin shi ne fam 5 nan take, wasu fam 5 in an sayar da kofe 1,300. An sayar, ya karɓa a 1669. Kowane kofe sule uku ake sayarwa, sule ashirin kuwa ke fam guda, ka ga kofe 1,300 sun tashi fam 195 ke nan. Ko an cire kuɗin takarda da na ma'aikata da ribar masu kanti, ai kowane ɗan kasuwa ya san wanda ya ci kasuwar. Amma kada mu yi saurin zagin Simmons, don sa kuɗi a kan sunan da sarki ke fushi da shi kasada ce. Bayan rasuwar Milton, matarsa ta uku, Elizabeth Minshull, ta sallama sauran haƙƙin a 1680 a kan fam 8. Jimla fam 18. Takardar cinikin tana nan a babban ɗakin karatu na Birtaniya.

Mutumin yana da nasa aibin. Zamansa da 'ya'yansa mata uku bai yi armashi ba, an ruwaito yakan sa su karanta masa littattafai cikin harsunan da ba su ji. Bakinsa kuma yana da kaifi wajen jayayya. A 1671 ya fitar da Paradise Regained da Samson Agonistes, a 1674 ya sake tsara babbar waƙar daga kashi goma zuwa goma sha biyu. A Nuwamban shekarar ya rasu, saura wata guda ya cika 66, aka binne shi a cocin St Giles, Cripplegate.

Masana ba su bar shi ya huta ba. Tun 1695 Patrick Hume ya yi wa waƙar sharhi, kamar yadda malamanmu ke yi wa matani. A 1732 Richard Bentley ya zargi masu rubuta wa makahon da ɓata aikin, ya shiga canza kalmomi da son ransa, sauran malamai suka yi watsi da gyaran. An kuma daɗe ana gardama kan me ya sa Iblis ya fi kowa iya magana a waƙar. William Blake yana ganin zuciyar ɗan tawayen nan ta karkata gare shi ba da saninsa ba, C. S. Lewis kuwa a 1942 ya nuna cewa da gangan aka yi, don a ga yadda girman kai yake ƙasƙantar da mai shi mataki-mataki. A 2019 ma masu bincike suka gano cewa rubutun hannun da ke gefen wani tsohon kundin Shakespeare a Filadelfiya ta Amurka na Milton ne.

'Yan'uwa, ido da muƙami da ajiya da gida duk sun tafi cikin shekara 14. Abin da ya rage masa shi ne karatun da ubansa ya saya masa da ribar sana'a, da shi kuwa ya yi aikin da ake karantawa yau fiye da shekara 350. Mai yaro a shago ya yi wannan lissafin da kyau. Allah ya sa mu dace, amin.