Marigayi Abubakar Imam da Akun da Ya Tsare Ɗan Sarki

Mu mazauna zangon Sokode da Dapaong, da Faransanci 'ya'yanmu ke karatu a makaranta, sai su tasa ba su taɓa buɗe littafin Hausa ba. Shi ya sa yau muka tuno da Alhaji Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara, Nijeriya, a 1911. Yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja, shekarunsa 22 kacal. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta wa 'yan makaranta Magana Jari Ce, juzu'i uku. A na farko, aku ne ke yi wa Musa ɗan sarki hira dare bayan dare don kada ya fita daga gida, alhali Waziri na ƙulla masa makirci. Imam ya san halin samari: ba sa zama don dogon faɗa, amma labari mai ban dariya kan zaunar da su.

A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya a 1981, Allah ya jiƙansa.

Mai zuwa sari Kano ya nemo mana bugun NNPC, ya fara da juzu'i na ɗaya.