Nadar: Bafaranshen da ya ɗauki hoton mashahurai, ya kuma ɗauki ƙasa daga sama

An haifi Gaspard-Félix Tournachon, wanda duniya ta fi sani da Nadar, a birnin Paris a watan Afrilun 1820. Ya fara karatun likita, amma bayan rasuwar mahaifinsa sai rashin kuɗi ya tilasta masa barin karatun, ya koma rubutu da zanen barkwanci a jaridu.

Zanen ne ya koya masa karanta fuska. Da ya rungumi sana'ar ɗaukar hoto a tsakiyar shekarun 1850, ya yi watsi da labule mai ado da kayan ƙawa da abokan sana'arsa ke jibgewa a bayan mutum. Yakan tsayar da baƙonsa a gaban bango fili, cikin hasken rana, ya ja shi da hira har ya saki jiki, sannan ya ɗauka. Ta haka ya bar wa duniya fuskokin marubuta irin su Alexandre Dumas da George Sand da Charles Baudelaire, da 'yar wasan kwaikwayo Sarah Bernhardt tun tana budurwa. A 1885 kuma ya ɗauki Victor Hugo a kan gadon mutuwarsa.

Sai dai abin da hoto ya kawo masa, sha'awar tashi sama ta riƙa cinyewa. A 1858 ya zama mutum na farko da ya ɗauki hoton ƙasa daga cikin balan-balan mai ɗaukar mutane. A 1863 ya sa aka ƙera masa wata ƙatuwa mai suna Le Géant, wadda ta faɗi kusa da Hanoba a Jamus, shi da matarsa suka ji rauni, bashi kuma ya yi masa katutu. Duk da haka, lokacin da Jamusawa suka yi wa Paris ƙawanya a 1870, ya taimaka wajen fitar da wasiƙu daga birnin ta balan-balan.

A 1874 ya ba su Monet da Renoir da Degas aron tsohon ɗakin aikinsa, inda suka yi baje kolin zanensu na farko a matsayin ƙungiya.

Ɗansa Paul ne ya gaji shagon. Nadar ya rasu a Paris a watan Maris na 1910 yana da shekara 89, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise.