Labarin Saftimiyus Safirus, Mutumin Afirka Da Ya Yi Sarautar Rum

Babu wanda bai san sunan Tarabulus ba a cikinmu, domin daga can ne fatake Larabawa su ke keto hamada a zamanin da, su kawo alharini da takarda Kano. Kamar mil 75 gabas da ita, a bakin bahar, akwai kufan wani babban birni wanda Larabawa ke kira Labda, Rumawa kuwa suna ce da shi Leftis Magna. Ma'anar Tarabulus da Yunananci ita ce birane uku, Labda kuwa ɗaya ce daga cikin ukun. A nan aka haifi Saftimiyus Safirus cikin watan Afrilu na shekara ta 145, watau shekara 477 kafin Hijira. Shi ne mutumin Afirka na farko da ya hau gadon sarautar Rum, ya kuwa yi shekara goma sha takwas yana mulki tun daga Ingila har Masar da Sham.

Iyayensa masu hali ne, a ƙasar da arzikinta ke cikin man zaitun. Harshen da ya tashi da shi na Finikiyawa ne, ɗan'uwan Larabci da Ibrananci, sa'an nan ya koyi Latin da Yunananci wajen malamai. An ce har ya tsufa in ya yi magana da Latin sai a gane baƙo ne. An kuma ce da 'yar'uwarsa ta kawo masa ziyara Rum bayan ya yi sarauta, Latin ɗinta ya ba shi kunya, sai ya cika ta da kyauta ya mayar da ita gida. Yana ɗan wajen shekara goma sha bakwai ya tafi birnin Rum, inda ya ke da dangi cikin manya. Sarki Markus Aureliyus ya shigar da shi sahun 'yan majalisar dattawa, ya yi ta hawa daga wannan muƙami zuwa wancan, ya yi aiki a Sardiniya da Sifen da Sham da ƙasar da a ke kira Faransa yanzu. Da matarsa ta fari ta rasu, sai ya auri Juliya Domna a shekara ta 187, 'yar babban mai kula da ɗakin bauta na birnin Hims a Sham, mace mai ilmi da son zama da masana. Ta haifa masa 'ya'ya biyu, Karakalla a 188, Geta a 189. A shekara ta 191 aka naɗa shi gwamnan wata ƙasa a bakin kogin Danub, wajen Ostiriya da Hangare, da manyan rundunoni uku a hannunsa.

Sarkin Rum a lokacin shi ne Komodus, ɗan Markus, wanda bai gaji halin ubansa ba ko kaɗan. Daren ƙarshe na shekara ta 192 mutanen gidansa suka shaƙe shi. Aka naɗa wani dattijo mai suna Fartinas, ya so ya hori dogaran fada, su kuwa suka kashe shi bai cika wata uku ba. Sa'an nan dogarai suka yi abin da ba a taɓa jin irinsa ba: suka rufe ƙofofin barikinsu, suka sa sarauta a kasuwa. Mutum biyu suka yi ta tayi, ɗaya a ciki ɗaya a bakin ganuwa, har wani attajiri, Didiyus Juliyanus, ya yi alkawarin ba ko wane dogari dinari 6,250 na azurfa, aka sallama masa. Sojan bakin iyaka kuwa dinari 300 ya ke samu a shekara. Wannan kalma ta dinari da mu ke faɗi, daga kuɗin nan na Rumawa ta samo asali, ta biyo ta Larabci ta iso mu.

Da labari ya kai bakin iyaka, sai gwamnoni uku suka tashi, ko wane da rundunoni uku: Albinus a Ingila, Nigar a Sham, da Safirus. Shi ya fi su kusa da Rum, ya kuma fi su dabara. Ran 9 ga Afrilu 193 sojansa suka naɗa shi sarki. Ya aika wa Albinus da alkawarin shi ne magajin gado, Albinus ya yarda ya zauna. Sa'an nan ya nufi Rum ba dare ba rana. Kafin ya iso majalisa ta yanke wa Juliyanus hukuncin kisa, bayan kwana 66 kan gado. Safirus ya sa aka kira dogarai su fito filin bayan gari su yi gaisuwa, ba makami. Da suka taru sai sojansa suka kewaye su, aka tuɓe musu kayan aiki, aka kore su, aka ce wanda aka gani tsakanin mil ɗari da birni ransa ya ke. Ya zaɓi sababbin dogarai daga cikin nasa mutanen.

Daga nan ya juya gabas, ya ci Nigar a Isus a shekara ta 194. Birnin Bizantiya, inda Istambul ta ke, ya ƙi buɗe ƙofa fiye da shekara biyu, da aka ci shi aka rushe ganuwarsa. Da gabas ta kwanta, sai ya warware alkawarin da ya yi wa Albinus, ya ce ɗansa Karakalla ne magaji. Suka haɗu kusa da Liyon ran 19 ga Fabrairu 197, Rumawa da Rumawa. Saura kaɗan a ci Safirus, har ya rasa dokinsa a fagen fama, sai barade suka iso aka juya yaƙi. Ya aika da kan Albinus Rum, ya kuma sa aka kashe 'yan majalisa ashirin da tara waɗanda ya ke tuhuma. A shekara ta 198 ya ci Mada'in, babban birnin masu mulkin Farisa, amma sau biyu yana kai wa birnin Hadar yaƙi a cikin hamada yana komowa bai ci ba.

Safirus bai manta da waɗanda suka ɗora shi kan gado ba. Ya ƙara wa soja albashi, abin da ba a yi ba fiye da shekara ɗari. Ya yardar musu su zauna da matansu, da kuwa an hana. Ya ƙara manyan rundunoni daga talatin zuwa talatin da uku, ya ajiye ɗaya kusa da birnin Rum, inda majalisa za ta riƙa jin motsinta. Da ya ke wannan duka kuɗi ya ke ci, sai aka riƙa gauraya azurfar dinari da tagulla har ta komo wajen rabi. Amma kada mu ɗauka jarumta kaɗai gare shi. Wani ɗan majalisa mai suna Kasiyus Diyo, wanda ya zauna tare da shi, ya rubuta tarihin zamanin, ya nuna tun kafin gari ya waye ya ke fara aiki, sa'an nan ya zauna shari'a har rana tsaka, yana ba masu ƙara isasshen lokaci, yana barin mashawarta su faɗi ra'ayinsu ba tsoro. Ya jawo manyan masana shari'a jikinsa, babbansu Fafiniyan, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana karanta fatawoyinsa.

Bai manta da garinsu ba kuma. Wajen shekara ta 203 ya kai ziyara Labda, ya sa aka gina mata sabon dandali da babban zauren shari'a da doguwar hanya mai ginshiƙan marmara, aka gyara mata tashar jiragen ruwa. A zamaninsa ne aka kafa sansanonin soja a bakin hamada, a Bu Najim da Gadamas, don tsare hanyoyin da ke fitowa daga Fazzan. Gadamas ɗin nan ita ce garin Gadamasawan da suka zauna Kano daga baya suna ciniki.

Wanda ya iya da gwamnoni biyu da sarkin Farisa, sai ga shi ya kasa da 'ya'yansa biyu. Tun suna ƙanana Karakalla da Geta ba sa ga maciji. In wannan ya so abu, wancan ya ƙi shi, ko wane da nasa 'yan kore masu zuga shi. Ran nan suna tseren keken doki Karakalla ya faɗi ya karye a ƙafa. Uban ya ga zaman birni na lalata su, sai ya ɗebe su a shekara ta 208 ya tafi da su Ingila yaƙi da mutanen arewacin tsibirin, ko wahala ta gyara su. Shi kansa ciwon ƙafa ya kama shi, a kan gado a ke ɗaukarsa. Mutanen duwatsun Sikotilan suka ƙi tsayawa a yi gaba da gaba, sai kwanton ɓauna cikin fadamu da dazuka, soja da yawa suka halaka.

Diyo ya ba da labari wata rana suna tafe kan dawakai za su gana da abokan gaba, aka ga Karakalla ya zare takobi bayan ubansa, mutane suka yi kururuwa ya fasa. Safirus bai ce kome ba sai da suka komo masauki. Ya kira shi, ya ajiye takobi tsakaninsu, ya gaya masa in kashe shi ya ke so ga dama, in kuwa yana jin nauyi ga Fafiniyan nan, ya umurce shi. Iyakar horon ke nan. Shi ne kuwa mutumin da ya saba zargin Sarki Markus don bai kawar da Komodus ba, ya bar ƙasa hannun mugun ɗa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Ya rasu a birnin Yok ran 4 ga Fabrairu 211, yana da shekara sittin da biyar. Wasiyyar da ya bar wa 'ya'yansa abu uku ce: su haɗa kansu, su wadata soja, kada su damu da sauran mutane. Ta biyu da ta uku sun riƙe. Da suka komo Rum da tokarsa, sai suka raba fada biyu, aka toshe ƙofofin da ke tsakani. Kafin shekara ta ƙare Karakalla ya roƙi uwarsu ta kira su ɗakinta ta sulhunta su. Geta ya zo ba dogari, sai sojan da aka ɓoye suka faɗo masa, ya mutu a jikin uwarsa, ita ma aka yanke ta a hannu. Diyo ya ce an kashe wajen mutum 20,000 na ɓangaren Geta, har da Fafiniyan. Karakalla kuma wani sojansa ya soke shi a hanyar Harran a shekara ta 217. Gidan ya ƙare a 235, daga nan Rum ta yi wajen shekara hamsin soja na naɗa sarki yau su kashe shi gobe, dinari kuwa na ta komawa tagulla.

In muka auna wannan sarki, za mu ga ya sami ƙasa a wargaje ya ɗinke ta, ya bar baitulmali cike da rumbuna cike. Amma ya hau ne da takobi da saɓa alkawari, ya koya wa soja su ne masu sarauta, 'ya'yansa kuwa suna kallo. Yaro ya fi ɗaukar abin da ya ga ana yi bisa abin da a ke gaya masa, saboda haka wasiyyar haɗa kai ta bakin mutuwa ba ta iya kankare darasin shekara goma sha takwas ba. Akwai wani allo da aka samu a Masar, yana ajiye a Balin ta Jamus, an zana Safirus da Juliya Domna da 'ya'yansu biyu da kayan sarauta. Fuskoki uku suna nan lafiya lau, ta Geta kuwa an kankare ta bisa umurnin ɗan'uwansa.