Mamman Shata: Mai kalangun da ake gardamar gwanar waƙoƙinsa

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Da tallan goro ya fara, kafin waƙa ta ɗauke shi zuwa Bakori, daga bisani ya zauna Funtuwa.

Har yau masoyansa ba su daidaita kan waƙar da ta fi ba. Wasu na fifita Bakandamiya, inda ya wasa kansa, ga tsawo, ga kalangai na hawa da sauka, kuma duk rerawa sai ya sauya mata baitoci, shi ya sa masu tara faifai da kaset ke gardamar wane ɗauka ya fi armashi. Wasu sun fi son waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar saboda natsuwarta. Gagarabadau kuwa, zafin zambonta ne ke jan masu saurare. Dukkansu amshi ɗaya ne ke riƙe da su, shi kuwa yana ƙaga baiti nan take.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura.